Gidan da Ba Ya Jiran a Kawo Wuta: Jagorar Gina Gida Mai Sanyi a Ƙasa Mai Zafi

A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Yamai, ɗakin bulon siminti mai rufin kwano ba ya hucewa sai gab da Asuba. Mai hali ya tada janareta ya kunna esi, marar hali ya ja tabarma zuwa tsakar gida ya yi ta fama da sauro. Su biyun kuɗin kuskure ɗaya suke biya, kuskuren da aka tafka tun ranar da aka ja igiyar harsashi. An gina gidan ba a tambayi ta ina rana ke bugowa ba, ta ina iska ke shigowa, ina kuma ruwa zai bi.

Ba mu kaɗai wannan ya dama ba. Hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa gine-gine, tun daga yin su har zuwa zama a cikinsu, su ke fitar da sama da kashi ɗaya cikin uku na iskar kabon da ke fitowa ta hanyar makamashi a duniya. Sarrafa siminti kaɗai yana da kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na dukan kabon ɗin da ɗan Adam ke fitarwa. Shi ya sa masu zanen gini suka koma neman gidan da zai zaunu ba sai inji na aiki dare da rana ba. Kowace ƙasa kuwa da irin tata amsar. A Darmstadt ta Jamus, a 1991, an gina gidan da aka toshe duk wata kafa tasa, aka sa masa tagogi masu gilashi uku, don su sanyi ne abokin gabarsu. A Yazd ta Iran tun ƙarnoni da suka wuce ake gina dogayen hasumiyoyi da ke tare iska su jefa ta cikin ɗaki. A Harare, ginin Eastgate da Mick Pearce ya zana, wanda aka buɗe a 1996, yana zuƙar iskar dare ya sanyaya kankarensa, da rana kankaren ya shanye zafin ofisoshin. Wanda ya kwaso zanen gidan gilashi na Landan ya dasa a Katsina, tanda ya gina, ko nawa ya kashe.

Matakan da ke tafe an jera su ne da gangan. Na farko-farkon kusan kyauta ne, amma su suka fi tasiri, kuma ba sa gyaruwa bayan gini ya tashi. Sola, wadda mutane ke fara tambaya a kanta, ita ce kusan ta ƙarshe.

Mataki na ɗaya: je ka ga filin a cikin ruwa

Kada ka sayi fili a watan Maris ka ce ka san shi. Koma a Agusta, washegarin ruwa mai ƙarfi, ka ga inda ruwa ya kwanta da inda ya bi. Tambayi tsofaffin unguwa ko wurin tsohon kududdufi ne da aka cike da bola, domin irin wannan ƙasa tana zaunawa bayan shekaru, bango ya tsage. Ambaliyar 2022 a Najeriya da fashewar madatsar Alau kusa da Maiduguri a Satumban 2024 sun isa ishara. Ko filin ya yi kyau, ka ɗaga daɓen ɗakuna aƙalla santimita 45 sama da titi, ka kuma tuna cewa titi yana ƙara tudu duk sanda aka zuba masa ƙasa ko kwalta. Itacen da ka tarar a filin, musamman ta yamma, a zana gidan a kewaye shi. Inuwar da za ta ɗauke ka shekara goma kafin ka samu ce aka ba ka kyauta.

Mataki na biyu: fuskar gida

Nan ne ake cin riba mafi yawa ba tare da ƙarin ko sisi ba. Kano tana kan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, kuma yawancin ƙasar Hausa ba ta yi nisa da hakan ba. Da tsakar rana, rana tana can ƙololuwa kusan duk shekara. Daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta tana ɗan karkata arewa, sauran watanni tana karkata kudu. Saboda haka bangon kudu da na arewa suna da sauƙin karewa: ɗan leɓen rufi, wato bakin rufin da ya zarce bango, ya wadatar. Na gabas da na yamma su ne matsala, domin da hantsi da La'asar rana tana saukowa ta dubi bango kai tsaye, ba leɓen rufin da zai tare ta. Na yamma ya fi muni, don yana shan rana a lokacin da iska ta riga ta yi zafi, sannan ya yi ta amayo zafin cikin ɗaki har tsakar dare.

Don haka a miƙar da gidan daga gabas zuwa yamma, dogayen bangwaye su dubi kudu da arewa, gajerun su dubi gabas da yamma. Ƙofofi da manyan tagogi su kasance a kudu da arewa. A ɓangaren yamma a sa abin da ba a kwana a cikinsa: sito, banɗaki, matakala, garejin mota. Ɗakin kwana kada ya haɗa bango da yamma in da hali.

Ga lissafin leɓen rufi. A wajen 21 ga Maris, da tsakar rana a Kano, leɓe mai santimita 60 yana jefa inuwa kusan mita 2.8 a bangon kudu, wato kusan bangon gaba ɗaya. A Disamba, da rana ta fi sauka, leɓe mai mita 1 yana ba da inuwar mita 1.4 kacal, amma a lokacin hunturu ne, ba wanda zai ƙi ɗan ɗumi. Leɓe mai santimita 80 zuwa mita 1 ya ishi yawancin gidaje masu hawa ɗaya. Baranda ta fi, in akwai fili.

Sai kuma hadari. Magina na da sun san cewa ruwan sama mai iska daga gabas yake zuwa mana, shi ya sa bangon gabas ya fi zaizayewa. Shi za a fi bai wa kariya da yaɓe mai kyau. Idan filin naka ƙarami ne kuma titi ya tilasta maka duban yamma, to zaure ko shago ya tsaya a gaba ya sha ranar, ɗakunan iyali su koma baya. Tsarin gidan Bahaushe dama haka yake.

Kafin a kammala zane, a zauna da waɗanda za su wuni a gidan. Uwargida ta fi mai zane sanin inda hayaƙin madafa zai dame ta, da inda take son shanya, da inda yara ke wasa da yamma. Mai zanen gini Hassan Fathy na Masar ya gina ƙauyen Sabuwar Gurna kusa da Luksor a shekarun 1940 da tubalin ƙasa da rufin baka, aikin da masana ke yabo har yau, amma da yawa daga mutanen da aka gina wa sun ƙi komawa. Gidan da masu shi ba sa so, rushe shi za su yi su sake, an yi asarar kaya sau biyu.

Mataki na uku: rufi

A gida mai hawa ɗaya, mafi yawan zafi ta sama yake shigowa. In kuɗinka ba zai kai ka gyara komai ba, gyara rufi.

Kwano da rana ta buga yana iya kai digiri 70, ya riƙa feso zafin ƙasa. Silin na kwali ko na roba da aka manna a ƙarƙashinsa, ba kafar iska a tsakani, jinkirta zafin kawai yake yi na ɗan lokaci. Maganin da ya fi shahara a yankinmu shi ne wanda mai zanen gini Francis Kéré ya yi a makarantar firamaren ƙauyensu, Gando, a Burkina Faso, wadda aka gama a 2001. Ya yi wa azuzuwan silin na tubalin ƙasa, sannan ya ɗaga kwano can sama a kan ƙarafa, ya bar tsakaninsu a buɗe ta kowane gefe. Kwanon ya zama lema: yana tare rana da ruwa, iska na ratsawa ta kwashe zafinsa kafin ya taɓa silin. Ya kuma zarce bango sosai, ruwa ba ya dukan tubalin. Ginin ya ci lambar Aga Khan a 2004, shi kuma Kéré ya zama ɗan Afirka na farko da ya ci Pritzker, babbar lambar yabon masu zanen gini, a 2022. Ba wani inji a cikin dabarar, kuma mutanen ƙauyen ne suka yi aikin da hannunsu.

A gidan talaka ga yadda za a bi. A bar tazarar aƙalla santimita 40 tsakanin kwano da silin. A buɗe kafofin iska a ƙasan leɓen rufi da kuma can sama kusa da ƙololuwa, iska mai sanyi ta shiga ta ƙasa, mai zafi ta fita ta sama. A rufe kafofin da raga mai ƙarfi saboda jemage da tsuntsaye da ɓeraye. In da hali a shimfiɗa takardar alminiyam mai ƙyalli a ƙarƙashin kwanon, gefen ƙyallin ya dubi sararin da ke ƙasa, kada ya manne da komai. Silin ya yi kauri, kuma a guji na asbestos, ƙurarsa tana lalata huhu.

Launi ma ba ado ba ne kawai. Salon da ake yayi yanzu na baƙin rufi da shuɗi mai duhu, mai tsini kamar ana jiran dusar ƙanƙara, ban ga abin da ya jawo mana ba sai ƙarin katako da ƙarin zafi. A Ahmedabad ta Indiya, bayan zafin 2010 da ya kashe mutane sama da dubu, hukumar birnin ta fito da shirin yaƙi da zafi a 2013, daga baya ta shiga shafa wa rufin gidajen marasa ƙarfi farin fenti da farar ƙasa. Irin wannan rufi yana rage zafin cikin ɗaki da digiri 2 zuwa 5. A nan ƙurar hunturu za ta dusashe farin, sai a wanke ko a sake shafawa kafin bazara. Wanda ya riga ya gina gidansa, wannan da buɗe kafofin iska su ne gyara mafi arha da zai iya yi a wannan makon.

Rufin da ke da dogon leɓe da sarari a ƙarƙashi, iskar farkon damina na son ɗaga shi. A ɗaure katako ko ƙarfen rufin da rodin da aka binne cikin kankaren da ya zagaye saman bango. Ƙusa kaɗai ba ta isa ba, jifan duwatsu a kan kwano kuwa ba ɗauri ba ne.

Akwai hanya ta biyu, wato rufin ƙasa. Soro na gargajiya da azara ake yi, azara kuwa ba ta ɗaukar faɗin da ya wuce mita 2, shi ya sa magina suka ƙware a bakan gizo da ɗaurin guga, wato lanƙwasassun ginshiƙan da ke ɗauke da rufi, don su buɗe ɗaki. Wanda ya ga aikin Babban Gwani Mikaila a masallacin Juma'a na Zariya, na shekarun 1830, ya san iyakar da wannan fasaha ta kai. Sai dai giginya ta yi ƙaranci, azara ta yi tsada. Mafita ita ce rufin baka na tubali zalla irin na mutanen Nubiya ta kudancin Masar da arewacin Sudan, wanda ba ya buƙatar itace ko kaɗan: ana jingina layukan ƙananan tubala a karkace jikin bangon ƙarshe, kowane layi ya kwanta a kan na bayansa har a rufe ɗakin. An fara koyar da gini ba itace a Nijar tun 1980 a Cikal, kuma wata ƙungiya da aka kafa a 2000, wadda ta fara aiki a Burkina Faso, ta yaɗa shi zuwa Mali da Sanagal da arewacin Gana da Binin. Faɗin ɗakin ba ya wuce mita 3.3, tsawo kuwa yadda kake so. Ana shimfiɗa leda a sama a bi da yaɓe. Sharaɗinsa ɗaya ne, kuma ba sassauci: maginin da aka horar. Baka tana tura bango waje, in bangon bai yi kaurin da ya kamata ba, buɗewa zai yi.

Mataki na huɗu: bango

Bulon siminti mai rami, inci 6 ko 9, zafi na ratsa shi cikin 'yan awanni. Bangon ƙasa mai kaurin santimita 30 zuwa 40 yana riƙe zafin rana awa 8 zuwa 12 kafin ya kai ciki, lokacin gari ya yi sanyi, ana iya buɗe taga a kore shi. A ƙasar da tazarar zafin rana da na dare ke kai digiri 15 a rani, wannan babbar riba ce.

Na san abin da ke zuciyar mai karatu: ginin ƙasa na talaka ne, kuma yana rushewa. Na farkon ra'ayi ne, na biyun kuwa akwai gaskiya a ciki, kuma ruwa ne sanadi. Amma a duba Dandaji a jihar Tawa ta Nijar, inda Mariam Kamara da Yasaman Esmaili suka mai da tsohon masallacin garin ɗakin karatu, suka gina sabon masallaci babba da bulon ƙasa matsattse, aka gama a 2018. A Yamai ma akwai rukunin gidaje masu bene da ake kira Niamey 2000, da irin wannan bulon aka gina su. Hasumiyar masallacin Agadas mai tsawon mita 27 ƙasa ce, tana tsaye ɗaruruwan shekaru saboda ana kula da ita.

Bulon ƙasa matsattse shi ne tsaka-tsaki tsakanin tubalin kakanni da bulon zamani. Injin matsa shi na hannu a Bogota ta Kolombiya aka ƙirƙiro shi a shekarun 1950, kuma cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi ta Najeriya tana ƙera irinsa. Aikin yana farawa da gwajin ƙasa. Kwashe ƙasar sama mai saiwoyi da taki, ba ta gini. Ɗebo ta ƙasa, jar birji ta fi. Zuba ta cikin kwalba zuwa kashi ɗaya cikin uku, cika da ruwa, sa ɗan gishiri, girgiza sosai, ajiye. Yashi zai kwanta cikin minti ɗaya, lallausar ƙasa ta biyo, yumɓu ya zo ƙarshe bayan kwana ɗaya ko fiye. Auna kaurin kowane layi. Ana son yashi da tsakuwa su haura rabi, yumɓu ya tsaya tsakanin kashi 10 da 25 cikin 100. Gwaji na biyu: kwaɓa ƙasar, murza ta kamar igiya mai kaurin santimita 3, tura ta a hankali ta bakin tebur. In ta karye kafin santimita 5, yashi ya yi yawa. In ta wuce 15 ba ta karye ba, yumɓu ya yi yawa, sai an ƙara yashi. Baƙar laka mai tsagewa da rani, irin ta firgin yankin Tafkin Cadi, a bar ta, kumbura take yi ta kuma motse.

In ƙasa ta yi, a tankaɗe ta, a gauraya da siminti kashi 5 zuwa 8 cikin 100 tun tana busasshiya. Buhu ɗaya mai kilo 50 a kan ƙasa kilo 800 ya ba da kusan kashi 6, kuma zai fitar da bulo sama da 100 na matsakaicin girma. Ruwa kaɗan ake sawa: ka dunƙula a hannu ta kama jikinta, ka sake ta daga tsayin ƙugu ta fashe gida huɗu ko biyar. In ta watse gari, ruwa ya yi kaɗan, in ta faɗi a dunƙule, ya yi yawa. A kwaɓa abin da za a matse cikin awa ɗaya kawai. Kuskuren da ya fi yawa yana zuwa bayan nan: a shanya bulon a rana kamar tubali. Siminti danshi yake so. A jera a inuwa, a lulluɓe da leda, a riƙa yayyafa ruwa mako biyu, kada a yi gini da shi sai ya cika kwana 28. Kafin a fara, jiƙa bulo biyu ko uku cikin bokiti kwana ɗaya. Wanda ya narke ya gaya maka gaskiyar sauran.

Ko tubali ko matsattsen bulo, ƙasansa da samansa ne ke kashe shi. Harsashi ya zama na dutse ko kankare, ya fito sama da ƙasa santimita 30 zuwa 45, a shimfiɗa leda mai kauri ko kwalta a kai don danshi kada ya hau, sannan ƙasa ta fara. Kada a yi wa ɗanyen tubali filastar siminti. Ba sa kama juna, ruwa ya shiga ta tsaga ya maƙale a baya, bangon ya ruɓe a ɓoye har ranar da filastar za ta zubo gaba ɗaya. Yaɓen da ke barin bango ya yi numfashi ake so: makuba ta ɓawon ɗorawa, ko laso da ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara, ko farar ƙasa da yashi. Matsattsen bulo mai siminti in yana ƙarƙashin dogon leɓen rufi ba ya ma buƙatar filasta, kuɗinta da na fenti sun huta.

Wanda ya ce shi dai bulon siminti zai yi, ba a rufe masa ƙofa ba. Ya yi wa bangon waje farin fenti, ya sa baranda ko rumfa ta yamma, ko ya ninka bangon yamma ya bar ɗan sarari a tsakani.

Gargaɗi ga 'yan'uwa mazauna zango a Kumasi da Akara da Legas da Duwala: can dare ba ya sanyi sosai, iska kuma cike take da danshi, don haka bango mai kauri ba ya ba da wannan riba. Abin da ya dace da su shi ne bango marar nauyi, manyan tagogi masu fuskantar juna, da dogon leɓen rufi.

Mataki na biyar: tagogi da iskar dare

Bango mai kauri da ba a sanyaya shi da dare ba, ajiyar zafi ne. Ƙa'idar bazara ita ce a rufe tagogi daga hantsi zuwa Magariba, a buɗe su duka da dare. Mutane ba sa buɗewa saboda ɓarayi da sauro, to a warware wannan tun a zane: kowace taga da ƙarfen tsaro da raga. Raga tana rage iska, sai a ɗan ƙara girman tagar. Kowane ɗaki ya sami kafa biyu a bango daban-daban, ɗaya ƙasa-ƙasa daidai gado, ɗaya can sama kusa da silin inda iska mai zafi ke taruwa. Silin ya kai mita 3 ko ya ɗan haura. Taga mai gilashin zugewa rabinta kawai ke buɗewa, mai marfi biyu ta katako ko luba ta fi ta ba da iska. Kafofin arewa maso gabas su zama masu rufuwa ruf saboda ƙurar hunturu.

Duk da haka, a daren Afrilu da Mayu akwai lokacin da ba ɗakin da ya kai waje daɗi. A tanadi wurin kwana a sarari tun farko, ko rumfa mai raga a tsakar gida, ko saman soro mai matakala da rawani, wato gajeren bangon da ya kewaye shi.

Mataki na shida: tsakar gida da ruwa

Shafe tsakar gida da siminti ko intalok daga bango zuwa bango yana ɗumama gidan da dare, ya kuma tura ruwan sama duka kan titi da gidan maƙwabci. A daɓe hanyar wucewa kawai, saura a bar shi yashi ko tsakuwa. Darbejiya ko mangwaro ta yamma, mita 4 zuwa 5 daga bango saboda saiwa, zogale da lemun tsami kusa da madafa. Ruwan alwala da na wanka a ja shi zuwa gindinsu maimakon kwata.

Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Rufi mai murabba'in mita 100 a garin da ke samun milimita 800 a shekara yana karɓar lita 80,000. Cire kashi ɗaya cikin biyar na asara, saura 64,000, wato jarka 2,560 mai lita 25. Ba za ka iya adana duka ba, amma tanki mai murfi zai raba ka da 'yan garuwa duk damina da ɗan abin da ya biyo baya. A zubar da ruwan farko da ya wanke ƙura da kashin tsuntsaye, a tace ko a tafasa na sha. Rarar a sa ta ramin tsakuwa nesa da harsashi ta nutse. Salga ko sokawe ya yi nisan mita 30 da rijiya in fili ya ba da dama, kuma ya kasance ta gangare.

Mataki na bakwai: yanzu a yi maganar sola

Dalilin ajiye ta nan lissafi ne. Fanka huɗu masu wat 70 na awa 10, ƙwai goma masu wat 9 na awa 5, da firij ɗaya, duka ba su kai kilowat-awa 5 a rana ba. Faifan sola mai wat 400 yana ba da kusan 1.5 a rana a yankinmu bayan an cire asara, don haka huɗu sun riƙe gidan. Esi ɗaya mai wat 1,100 in ya yi awa 8 zai iya shan kusan kilowat-awa 9 shi kaɗai, kuma da dare, daga batir, wanda shi ne mafi tsada a kayan. Gidan da fanka ta ishe shi ya rage kuɗin solarsa da fiye da rabi. A kafa faifan yana duban kudu, a karkace digiri 12 zuwa 15, a inda hannu zai kai a goge ƙura, da sarari a ƙarƙashi don zafi na rage masa ƙarfi. Mataccen batir a mayar wa masu saye, kada a fasa shi a gida, dalmar ciki guba ce ga yara.

Mataki na takwas: magini, izini da kulawa

A kai zane hukumar tsara birane, kamar KNUPDA a Kano, a karɓi izini. In bene ne, injiniya ya duba lissafin, ko da wane irin bulo za a yi. Birkilan da ya saba da bulon siminti zai so ya cika turmi da siminti kamar yadda ya saba, don haka a nemi wanda ya taɓa aikin ƙasa, a je a ga ginin da ya yi wanda ya ci damina uku ko huɗu. Gidajen Sarkin Magina a tsofaffin birane har yanzu akwai masu sani, haka ma Agadas da Tawa da Damagaram.

In kana shakka, fara da ɗaki ɗaya, zaure ko ɗakin baƙi. Rataya ma'aunin zafi a cikinsa, wani a ɗakin bulo na maƙwabci, ka duba da ƙarfe 3 na rana da 10 na dare tsawon mako guda a bazara, sannan ka yanke shawara kan sauran gidan.

Kulawa kuwa ta kowace shekara ce. Tsohon masallacin Damagaram na ƙarni na 19 ya faɗi a Satumban 2024 bayan ruwa mai yawa, kuma damina a Sahel tana ƙara zuwa da ruwa mai ƙarfi a lokaci guda. Kafin ruwan farko a hau sama a share indararo, a tabbatar ya zarce bango da aƙalla santimita 60 kuma akwai dutse a inda ruwansa ke zuba. A toshe tsagar rawani da zankwaye, a sabunta yaɓen gabas, a duba hanyar gara a gindin bango da jikin katako, a janye duk ƙasa ko shara da ta taru ta rufe layin ledar harsashi. Bayan ruwa na biyu ko na uku a sake zagayawa, domin a lokacin ne ɗigon da bai nuna ba da rani ke bayyana a silin.